Titin Nsimalen da Hukuncin Iska

Mazauna unguwar Briqueterie a Yawunde, musamman fatake da maniyyata, sun san filin jirgin saman Nsimalen da ke kudu da birnin, wanda aka buɗe a 1991, amma ba kowa ya san dalilin jinkirin da kan same su can ba. Titin sauka da tashi ɗaya ne, mai tsawon mita 3,400, kuma lambobin 01 da 19 da aka rubuta a bakinsa biyu suna nuna alƙiblarsa a ma'aunin kamfas, wato kusan digiri 10 da digiri 190, daga kudu zuwa arewa. Jirgi kan tashi ne yana fuskantar iska, domin ita ke taimaka wa fukafukansa ɗaukar nauyi, shi ya sa ma'aikatan ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage, suke zaɓar bakin da za a bi gwargwadon inda take kaɗawa. Idan guguwar damina ta bugo daga gefe da ƙarfi, babu titi na biyu da za a koma, sai jira ko karkata zuwa Duwala. A filin jirgin Garwa kuwa, hazon hunturu ne ke rufe wa matuƙi titi. Jinkiri irin wannan kare rayuka ne, sai dai wajibi ne kamfanonin jirage su riƙa bayyana wa fasinjoji dalilinsa a kan lokaci.