Kwamfutar da aka ce ta mutu: yadda na tashe ta da filashi ɗaya

 Yau ba baƙo, ni kaɗai ne, kuma labarin wata tsohuwar laftof na zo muku da shi.

Ƙanwata tana ajin ƙarshe, ga rubutun furojet ya taso, kullum tana hanyar shagon buga takardu, ana cajin ta shafi-shafi. Sai wani kawunmu ya miƙo mana HP EliteBook 8460p, irin ta 2011 ɗin nan mai nauyi kamar bulo. Ya saye ta hannu, ya kunna, baƙin allo kawai da rubutun Turanci cewa ba ta ga inda za ta tashi ba. Wani mai gyara ya ce masa ta mutu, ya kawo ya saya a matsayin kayan gyara. Da na buɗe bayanta sai na ga gurbin faifan ajiya wayam. Irin waɗannan na kamfanonin waje ne, sukan cire faifan kafin su sayar saboda bayanansu. Lafiyarta ƙalau, ba ta da abin karantawa ne kawai.

Na sayo ƙaramin SSD mai gig 128 na saka. Kar ka koma wa tsohon faifai mai juyawa in kana da hali, wannan canjin shi ne ya fi komai sa tsohuwar kwamfuta sauri. Amma sabon faifai ma fanko yake zuwa, sai ka zuba masa babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. To wacce?

Windows 11 ba ta karɓar wannan injin a hukumance, tana son TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, tamu kuwa zubi na 2 ce. Windows 10 za ta hau, amma Microsoft ya daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Ni kuma ba na son waccan ta bayan fage da ake loda wa mutane a kasuwa, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Sai na ɗauki Linux Mint, samfurin Xfce, wanda bai da nauyi. Kyauta ne, halal, ba lasisi ba ɓoye-ɓoye, kuma ram gig 4 da ke cikinta ya ishe shi.

Abin da kake buƙata: wata kwamfutar mai aiki, ko ta aro ce, filashi mai gig 8, da data. Fayil ɗin ISO ya kusa gig 3, ni da daddare na sauke shi lokacin garaɓasa. Daga shafin Linux Mint na asali za ka sauke, don Allah, ba daga wani guruf ba. Sannan ka sauke Rufus, ƙaramar manhaja ce da ke mayar da filashi abin tayar da kwamfuta. Kwafe fayil ɗin ka jefa a filashi haka kawai ba ya aiki. Kuma Rufus zai share duk abin da ke kan filashin, kwashe hotunan bikinka tukuna.

Yanzu ga inda na sha wahala, ku saurara da kyau. A cikin Rufus akwai wajen zaɓen tsarin rabon faifai, MBR ko GPT. Na kalli wani bidiyo, mutumin ya zaɓi GPT, ni ma na bi shi ido rufe. Na soka filashi, na kunna, ina ta danna F9, wato maɓallin jerin abubuwan tashi a HP, a Dell da Lenovo galibi F12 ne. Shiru. Sau huɗu. Ƙanwata tana tsaye a kaina, ta ce, "Yaya, ko dai mai gyaran nan gaskiya ya faɗa?" Wallahi har na fara jin kunya.

Matsalar ita ce kwamfutoci suna da hanyar tashi iri biyu. Tsohuwar ita ce BIOS, wadda a saiti za ka ga an rubuta Legacy, sabuwar kuma UEFI. Filashin da aka shirya da GPT yaren UEFI yake ji, ita kuwa tamu a tsohuwar hanya take tashi. Kamar ka yi wa kakarka magana da Faransanci ne, ba kurma ba ce, ba ta gane ba ne. Na koma Rufus na zaɓi MBR, na sake rubutawa, na danna F9, sai ga sunan filashin ya fito.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Mint yana buɗewa daga kan filashi tun kafin ka girka shi, sai ka gwada madannai, sauti da Wi-Fi. Ka danna alamar girkawa, ka zaɓi a share faifai a zuba, tunda babu komai a ciki ba abin da za ka rasa. Lokaci ka zaɓi Legas. Abu ɗaya: batirin irin waɗannan ya gama yayi, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai ka faro daga farko. Ni a shagon cajin waya na zauna na yi, inda janareta ke aiki.

Wi-Fi ɗinmu bai fito ba da farko. Na jona wayata da kebul, na kunna raba intanet ta USB, na buɗe Driver Manager, ya nemo direban da kansa.

Gaskiya guda kuma, kar in yi muku talla: ba kowace manhajar Windows ke aiki a nan ba. In don manhajar gwajin JAMB ko CorelDRAW kake so, bincika tukuna. Amma rubutu, LibreOffice yana ciki, yana ajiye fayil a tsarin Word. Har tsarin madannan Hausa akwai, mai ƙ da ɗ da ɓ.

Jiya ta gama babi na uku a kanta, tana ta mita wai nauyinta zai karya mata jaka. Wanda ke da irin wannan a ƙarƙashin gado, ya rubuto mana samfurinta a ƙasa, in duba maɓallin da za a danna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.