Darasi daga Gidan Tururuwa

 Yau za mu duƙa mu dubi tururuwa, halittar da aka ambaci sura ta 27 ta Alƙur'ani da sunanta.

Sarauniyarsu takan tashi da fiffike sau ɗaya a rayuwarta, ta sadu da maza, sannan ta kaɗe fiffiken ta shiga rami. Maniyyin da ta karɓa tana adana shi cikin wata ƴar jaka a jikinta shekara da shekaru. Ƙwan da maniyyi ya taɓa, mace yake zama. Wanda bai taɓa ba, namiji. Ashe namijin tururuwa ba shi da uba, amma yana da kaka na wajen uwa!

Mu ƴan Adam ba haka aka tsara mu ba. Masana sun tabbatar cewa abin da ke rarrabe namiji da mace daga maniyyin uba yake fitowa, bisa ƙaddarar Allah. To, wace hujja gare mu ta wulaƙanta matar da ta haifi ɗiya mata, har mu sake ta? Mu ji tsoron Allah, mu karɓi kyautarsa da godiya.