MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE YOYO

Yau zancenmu a kan shawara ne, gama magani komai kyansa, in ba a yi shawara da masu shansa ba, a kwalba zai kwana.

Ku tuna da abin da ya faru nan Kano cikin 2003. An tsara rigakafin shan inna a ofis, aka bi gida gida da ɗigo, ba a zauna da masu gidajen ba. Sai ji-ta-ji-ta ta tashi, wai maganin yana hana haihuwa. Gwamnatin Jiha ta tsai da aikin har watan Yuli na 2004, sa'ad da aka kawo wani daga Indonesiya. Sanadin wannan jinkiri cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, yara da yawa suka gurgunce.

Da aka ga haka, sai aka sake dabara. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa na kiwon lafiya, hakimai da dagatai da masu unguwa suka sa hannu. Aka kuma nemi waɗanda ba a saba tambayarsu ba. Matar kulle ba ta jin daɗin magana da baƙon namiji, saboda haka daga 2012 aka ɗauki mata 'yan unguwa su shiga ɗaki ɗaki su ji ta bakin iyaye. Guragu kuwa, waɗanda cutar ta riga ta taɓa, suka hau kekunansu suka bi masu ɗigo. Uban da ya kori ma'aikaci, in ya ga gurgu a ƙofarsa yana cewa "dubi ƙafata", jikinsa yakan yi sanyi.

Iyaye suka ce, "Kullum ɗigo, alhali zazzaɓi da gudawa ke kashe mana yara." Gaskiya suka faɗa. Aka kafa rumfunan magani a unguwanni, inda ake duba waɗannan cututtuka kyauta tare da ɗigon. Tun Yuli na 2014 ba a ƙara samun asalin ƙwayar shan inna a Jihar Kano ba, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida Afirka duka ta rabu da ita. Amma kada ku fasa kai yara, gama akwai wani irinta da ke ɓullowa inda aka yi sakaci.

To, ku mutanen Rijiyar Lemo da Fagge da Sabon Gari, da ku na ƙauye, akwai kwamitin mazaɓa mai lura da ɗakin maganinku. Ku tambayi mai unguwa ranar zamansa, ku je. Ku riƙo hannun makaho, ku zo da kurma da mai yi masa bayani, ku kira baƙon da ba ya jin Hausa sosai. In matakalar ƙofa ta hana gurgu shiga, shi zai faɗa. In lokacin awon ciki bai dace da mata ba, su za su faɗa. Mu ma'aikata mun san magani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sai wani mako in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.