Ciki da Falo a Agege: A Auna Kafin a Saya

An ce in yi magana a kan tsarin ɗakunan da muke zaune ciki. To, ni ɗan kasuwa ne, awo na sani, da awo kuwa zan yi maganar.

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912 mutanenmu suka ƙara yawa a Agege, galibi saboda goro. Iyayenmu sun zo da al'adar gidan Arewa: zaure, tsakar gida, turaka, ɗakin uwargida. Abin da yawancinmu muka tarar shi ne gidan haya mai lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, madafi ɗaya, makewayi ɗaya a baya. Waɗanda Allah ya ba muhalli a gidajen Jakande na Abesan, waɗanda aka gina zamanin mulkinsa, 1979 zuwa 1983, su tasu da sauƙi. Da mai ɗaki ɗaya da mai ciki da falo nake.

Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 a tsawo, 10 a faɗi. Wuri 120 ke nan. Gadon nan mai ƙafa 6 da 6 shi kaɗai ya cinye 36, kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai a kawo kujerun kushin, a kawo kabad ɗin jere, a kawo firji. Jama'a, ina za a shimfiɗa sallaya? Alƙibla daga nan gabas ce mai karkata arewa. Wannan kusurwar ita ce ta farko da ya kamata a ware, a bar ta fili, sannan sauran kaya su nemi wurinsu.

Kafin ka je wurin kafinta, ka tambayi kanka yadda gidanka yake kwana, yake tashi. Mai fita kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba da asuba, kayan sawarsa su kasance bakin ƙofa, kada ya riƙa tsallake yara cikin duhu. Matar da ke ɗinki ko sayar da abinci, taga tata ce, don haske da iska. Mai goro ya san huhu ba ya son zafi, ba a ajiye shi kusa da risho. Wanda kuwa baƙi ba sa yanke masa daga gida, kuma mu duka haka muke, tabarma da katifar da ake naɗewa sun fi masa kushin amfani. Kujera mai cin mutum uku ba ta kwantar da kowa, amma tabarma biyu a wurin nan sai su kwantar da huɗu. Kuma falon shi ne zaurenka. A sa labule mai kauri a ƙofar ciki, yadda baƙo zai zauna bai ga iyalinka ba.

Iyayenmu mata, ku yi mini haƙuri a kan jere. Na san mutuncin amarya ne, ba na ce a bari ba. Amma uwar da za ta aurar da 'yarta zuwa Agege ta aiko a auno ɗakin da igiya tukuna. Sau nawa aka sauke gado daga mota ya ƙi shiga ƙofa? Kwanuka su hau kanta a bango, akwatuna su shige ƙarƙashin gado. Sai dai a ɗora su a kan katako, a kuma janye su kaɗan daga jikin bango, domin damunar Kurmi ba irin ta Katsina ba ce. Danshi na cin atamfa, yana cin littafi.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Malamai na nan, sun san an umarce mu mu raba musu shimfiɗa idan sun kai shekara 10, kuma Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da yaro zai nemi izini kafin ya shiga wa iyayensa. Ƙuncin ɗaki bai ɗauke wannan ba. Gado mai hawa biyu yana raba su. Labule ko allon katako yana raba ɗaki gida biyu. Samari kuma a nema musu kwana wurin ɗan'uwa ko a shago, kamar yadda ake yi a zaure can gida.

Janareta kuwa, don Allah, kada ya kwana a ɗaki ko a lungu. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma an sha rasa iyali guda ta haka a garin nan. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki ma haka ne. Kada a toshe taga da kabad.

Sai maganar mai gida. Kafin ka kafa katako ko ka gyara wani abu da kuɗinka, ka nemi yardarsa a rubuce. Dokar haya da Jihar Legas ta yi a 2011 ta tanadi cewa ɗan hayar da ya yi gyara da rubutaccen izini yana iya neman diyya idan aka tashe shi. Yardar baki ba ta zuwa kotu. A sa hannu, a sa shaidu biyu, takardar kuma a ajiye ta tare da rasit ɗin kuɗin haya.