Man Fuska: Namu na Gida da na Cikin Kwalba
Jawabin kwamitin sana'a a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya

   

Bana mu 'yan kwamitin sana'a anka ce mu yi magana, kuma mun zaɓi man shafawa na fuska, don da yawanmu da shi muke zubin adashi, da shi muke biyan kuɗin makarantar ɗiya. Kwanan nan masu saye, musamman 'yan mata da masu gyaran amare, suna ta tambayarmu wani mai da ke zuwa cikin 'yar kwalba, an rubuta squalane a jikinta. Mu ce masa sikwalen. Wasunmu sun tsorata, suna ganin kasuwar man kaɗanya ta mutu. To, a kwantar da hankali, mu fara sanin ko mi ne ne.

Fatar mutum tana fidda maiƙonta da kanta. Kimanin kashi 12 cikin 100 na wannan maiƙo wani sinadari ne mai suna sikwalin, kuma yana raguwa in shekaru sun ja, shi ya sa fatar tsofaffi ke saurin bushewa. Wani masani ɗan Japan, Mitsumaru Tsujimoto, shi ya raɗa masa suna a 1916, bayan ya same shi cikin man hantar kifin teku da ake kira shak. Sikwalin yana saurin lalacewa in ya sha iska, sai kamfanoni suke haɗa shi da haidurojin don ya daɗe. Wannan shi ne sikwalen na cikin kwalba. Da can daga hantar kifi ake samun shi, yanzu ana fidda shi daga zaitun, ana kuma yin shi da sukarin rake.

Mu ba shi haƙƙinsa. Ba shi da nauyi, ba shi da wari, ba ya saurin lalacewa, kuma fuska mai ƙuraje ta fi jure masa. A nan ya fi namu. Amma aikinsa ɗaya ne da na kaɗanya da riɗi: ya tausasa fata, ya tare ruwan da ke cikinta kada ya tsere. Ba ya sa fari, ba ya mai da tsohuwa yarinya.

Daga nan darasi na farko ya fito. Mai ba ya ba fata ruwa, riƙe shi kawai yake yi. Saboda haka a shafa shi da danshi, da an wanke fuska ko an gama alwalla, ɗigo biyu ko uku. Mu da ke Sakkwato mun san hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Mun kuma san zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Man da ya yi daidai da hunturu yana iya yin nauyi a bazara.

Darasi na biyu, kowace fuska da man da ya karɓe ta. Man kaɗanya na busasshiyar fata ne, da leɓe, da kaushi. Mai maiƙon fuska ta rage shi, ta gwada man aduwa ko na zogale, kaɗan-kaɗan. Man kwakwa yana da kyau ga gashi da jiki, amma yakan toshe ƙofofin fatar fuska ga mutane da yawa. Man dogon yaro yana da ƙarfi, ba a shafa shi tsantsarsa a fuska, kuma don Allah kada a ba yaro ya sha, yana iya halaka shi. Kowane sabon mai, ku ce wa mai saye ta fara shafa kaɗan a cikin hannu, ta jira kwana ɗaya ko biyu. In ya yi ƙaiƙayi ko ja, ta bar shi. Ƙurajen da sunka ƙi ci sunka ƙi cinyewa kuwa, asibiti ne maganinsu.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu. A kasuwa akwai masu zuba man bilicin cikin kaɗanya su ce haɗin gargajiya ne. Mai saye ta ga haske cikin mako biyu, ta dawo da ƙawayenta, ke kuma mai gaskiya kina zaune da kayanki. Mun san zafin wannan. Amma mi ke cikin haɗin? Ko haidurokwinon, ko sitiroyid, ko makuri, wato zaiba. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nanƙarwa ta ɓarke, rauni ya ƙi warkewa. Zaiba tana taɓa ƙoda, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan sa fari. Hukumar NAFDAC ta fidda dokar hana sinadaran bilicin cikin kayan kwalliya a 2019. Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yan uwa. Ranar da roba guda mai sunan ƙungiyarmu ta ƙone fuskar amarya, ba wadda za a tambaya wa ta haɗa. Dukanmu mun shiga.

Kuma kada mu raina abin hannunmu. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Hujjarta ita ce ƙasar ga na cikin manyan masu kaɗanya a duniya, amma ribar tana komawa ga waɗanda ke tace man a waje, su sa a kwalba, su sayar muna. Ƙwallon da ke zo muna daga kudancin Kabi da jihar Neja, irinsa ne ke shiga man shafawa na Turai. Abin da sunka fi mu shi ne tsafta, awo da rubutu a jikin kaya, kuma duk ukun ba su fi ƙarfinmu ba.

Don haka kwamiti yana roƙon taro ya amince da abu huɗu. Na ɗaya, ba ƙwallo mai hunhuna, kuma shanya a kan tabarma ko leda mai tsafta, ba a ƙasa ba. Na biyu, a dafa mai har ruwansa ya ƙone, a tace, don ragowar ruwa ke sa shi wari. A zuba a sabuwar roba, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Na uku, kowace roba ta ɗauki sunan abin da ke ciki da ranar da anka yi, mu kuma haɗa kuɗi mu nemi rajistar NAFDAC da sunan ƙungiya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, duk wadda anka samu da haɗin bilicin, ta ajiye sunan ƙungiya. Wadda ke son sayar da sikwalen ta sayar, halal ne, amma ta duba lambar rajista, ta kuma faɗi gaskiyar aikinsa.

Bayan cin abinci magatakarda za ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga hannu. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare muna amana, Ya jiƙan 'yan uwanmu da sunka riga mu gidan gaskiya, Ya maimaita muna baɗi da rai da lafiya.