Injin Da Ba A San Lambarsa Ba, Ba Shi Da Mai Shi



Ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi ƙasar fadama ce, Kogin Kwara ya ratsa ta, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Benin. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata iyakar nan bisa yarjejeniyarsu ta 1898, suka raba dangi gida biyu. Saboda haka mutanen Illo da Lolo da Tsamiya ba su daina zirga-zirga zuwa Segbana da Malanville ba. To, hanyar da mai zumunci ke bi, ita ɓarawo ke bi.

A 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, ga shi kuwa noman rani ba ya yiwuwa sai da injin ban-ruwa. Injin nan mutum biyu sun isa su ɗauke shi, kwalekwale ɗaya ya ƙetare da shi. Tarakta da katafila kuwa, ko ba a tuƙe su ba, a dare ɗaya ana iya kwance musu batir da famfon mai a bar gangar jiki. Bugu da ƙari, injina da yawa na kamfani ɗaya makulli iri ɗaya ke tayar da su.

Wani zai ce a rufe iyaka. An rufe ta a Agustan 2019, amma shingen kwastan ba ya gadin injin da aka bari a daji. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maganin yana cikin littafi. Kowane inji yana da lambar da maƙeransa suka buga masa. Mai shi ya rubuta ta, ya ɗauki hotonta, ya adana rasit, ya kuma sassaƙa tasa alamar a ɓoyayyen wuri. Nijeriya da Benin duk suna cikin ƙungiyar 'yan sandan duniya, wato Interpol, amma wane ɗan sanda zai nemo “jar tarakta” kawai? Da lamba ake cigiya, da ita ake kafa hujja gaban alƙali.

Ku da za ku riƙe sito da ofisoshin aikin gona na ƙananan hukumomi, wannan nauyi a wuyanku yake. Kada inji ya fita sai an rubuta wanda ya ɗauka da ranar dawowa, kada kuma ya kwana inda babu mai gadi. Kayan gwamnati harajin iyayenku ne.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalam.