Amsar Wasiƙunku: Masu Ɗaukar Hoton Almajirai

Wasiƙarmu ta yau daga Rabah ta fito. Wani bawan Allah ya ce ɗansa yana karatun allo a birni, sai ya sami labari wai wasu sun shiga unguwarsu da kyamara suna ɗaukar yara a bakin kwata da gindin bola. Yana tambaya, wannan ba tonon asiri ba ne?

To, Malam, irin wannan fim ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar mutane ake ɗauka yadda take. Dattawan Wurno da Goronyo za su tuna da majigi, wanda hukuma kan kawo ƙauye da dare. A majigi gwamnati ce ke magana, talaka nasa kallo. Abin dubawa ke nan har gobe: kyamarar nan a hannun wa take?

Ga misali. A shekarar 2011 aka fitar da wani fim a Kano mai suna Duniya Juyi Juyi. Almajirai 9 ne suka tsara labarin daga abin da ke faruwa da su, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Wata Bajamushiya mai bincike, Hannah Hoechner, da cibiyar Goethe ta Jamus suka tallafa masu. Sun nuna yunwa da aikatau a gidajen mutane da wulaƙancin da ake yi wa almajiri, amma kuma sun nuna karatun, wanda baƙo mai sauri ba ya tsayawa ya ɗauka. Har iyaye ba su tsira ba, domin fim ɗin ya taɓo uban da zai kai yaro birni, ya juya, ko leƙe babu. Wannan kam da mu ake.

Wanda kuwa zai sauko daga mota ya ɗauki yaro da ƙoƙon bara, ya wuce ko sallama babu, ni dai ban yarda da shi ba.

Saboda haka idan an kai albasa ko tafarnuwa birni, daure ka biya ta makarantar. Ka tambayi malaminsa: su wane ne, sun nemi izini, a ina za a nuna, za a kawo wa yaran su gani? In amsa ba ta gamsar da kai ba, kana da ikon cewa a cire ɗanka. Ka riƙa masa sabulu da ɗan guzuri.

Mako mai zuwa za mu duba wasiƙar manoman rani na Goronyo. A huta lafiya.